Gwajin troponin da CK-MB: me kuka gani a wuraren aikinku?

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Kano:
Assalamu alaikum. Ina roƙon abokan aiki su faɗi abin da suka gani game da gwajin jinin da ake yi idan ana zargin tsokar zuciya ta sami lahani. A wurinmu har yanzu wasu likitoci suna rubuta CK-MB tare da troponin (sinadarai biyu da ke fita daga tsokar zuciya zuwa cikin jini idan ta sami lahani), alhali tun shekarar 2000 ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka fifita troponin, domin CK-MB yana iya hawa ko da tsokar cinya ce ta ji rauni.

Likita a sashen gaggawa, Zariya:
Wa alaikumus salam, Malam. Ni lokacin ɗibar jinin ne ya fi damuna. Troponin yakan ɗauki sa'o'i kafin ya taru a jini har gwajin tsinke mai nuna layi ya kama shi. An taɓa kawo mana wani dattijo jim kaɗan bayan ciwon ƙirji ya kama shi, gwajin farko bai nuna komai ba, 'ya'yansa suka fara shirin komawa da shi gida. Da ƙyar muka shawo kansu aka sake ɗiba bayan awa 6, sai ga shi ya hau sosai. Ba na ganin laifinsu, domin wanda ya biya kuɗin gwaji sau ɗaya yana da wuya ya fahimci dalilin biya na biyu idan ba a zaunar da shi an yi masa bayani ba.

Ma'aikaciyar jinya a sashen wankin ƙoda:
Likita, mu akasin haka muke gani. Da yawa daga cikin marasa lafiyarmu troponin T ɗinsu (wani nau'in troponin) a sama yake kullum, ba tare da jijiyar zuciya ta toshe ba, saboda haka likitocinmu ba sa yanke hukunci sai sun ga yadda lambar ta canza tsakanin ɗiba biyu, sun kuma haɗa da ECG, wato awon bugun zuciya da na'ura.

Ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje, Maraɗi:
A kula da jinin da ƙwayoyinsa suka farfashe wajen ɗiba, domin yana ɓata sakamako, kuma mu mayar da shi muke yi. Haka nan hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 cewa shan bitamin ɗin biotin da yawa, irin na gyaran gashi, yana iya saukar da sakamakon a wasu na'urori.

Likitan zuciya, Sakkwato:
Malam na Kano, kada ku yi saurin jefar da CK-MB. Yana saukowa cikin kwana 2 zuwa 3, troponin kuwa yana iya kai mako biyu a sama, don haka idan ciwon ƙirji ya dawo wa wanda ke kwance a gadonmu, kuma na'urarmu layi kawai take nunawa ba lamba ba, CK-MB nake rubutawa.