Neman shawara kan dunƙulen Anderson da ke kwantawa a ƙasan kwalba

Malamai masana kimiyyar sinadarai, ina neman shawararku. Na haɗa dunƙulen Anderson, wato curin ƙwayoyin zarra na ƙarfe da oksijin, mai manganis ɗaya a tsakiya da molibdenum 6 kewaye da shi, na liƙa masa jela mai kabon 16 a kowane gefe, domin shi dunƙulen ya jitu da ruwa, jelar kuma ta guje masa. Yana narkewa sarai a asetonaitiril (wani sinadari mai ruwa-ruwa da ake narkar da abubuwa a ciki), amma da zarar na fara ɗiga ruwa, maimakon ya tattaru ya zama ƙananan ƙwallaye masu rami a ciki, sai ya yi gudaji ya kwanta. Ina zargin tetrabutilamoniyam da ke daidaita cajinsa, tunda shi ma ba ya son ruwa. Shin in musanya shi da sodiyam, ko kuwa saurin zuba ruwan ne matsalar?