H. pylori ƙara asid take yi a ciki ko rage shi?

Ɗalibar Jinya: Assalamu alaikum. Wani abu ya ɗaure min kai. Ana cewa ƙwayar cutar H. pylori tana kawo gyambon ciki saboda yawan asid, kuma ana cewa wanda ya daɗe da ita asid ɗinsa raguwa yake yi. Wanne ne daidai? Masana a taimaka.

Malamin Lafiya: Wa'alaikumus salam, 'yata. Duk biyun daidai ne, ya danganta da inda ƙwayar ta yada zango a tumbi.

Ƙwayoyin halittar bangon tumbi da ake kira parietal, waɗanda ke tsakiya da saman tumbi, su ne masu fitar da asid, kuma sinadarai 'yan aike uku ke zuga su. Asetilkolin yana zuwa ta jijiyar vagus mai saukowa daga ƙwaƙwalwa, tun mutum yana jin ƙamshin abinci. Gastrin yana fitowa daga ƙwayoyin G a ƙasan tumbi idan nama ko wake ya iso. Gastrin ɗin ne kuma ke taso da histamin, wanda shi ne ke tsaye a bakin ƙofar parietal. Birkinsu somatostatin ne daga ƙwayoyin D, yana kamawa idan tsami ya yi yawa har ma'auninsa, wato pH, ya sauka ƙasa da 3.

H. pylori tana da sinadarin urease mai mayar da yuriya amoniya, da shi take kare kanta daga tsamin. Idan ta zauna a ƙasan tumbi, kumburin da take jawowa yana raunana ƙwayoyin D. Birki ya tsinke ke nan: gastrin ya hau, asid ya malala farkon ƙaramin hanji, gyambo ya fito a can. Idan kuwa ta mamaye tsakiya, sinadarin kumburi IL-1 beta yana danne parietal, da shekaru su ƙanƙance, asid ya ragu. Wannan na biyun ya fi tayar min da hankali, domin yakan zo ba ciwo mai tsanani, alhali shi ne ke ƙara haɗarin sankarar tumbi.

Mai Harhaɗa Magani: Malam ya gama magana. Zan ƙara da cewa a magungunan rage asid, famotidine hanyar histamin kaɗai yake toshewa, omeprazole kuwa famfon da parietal ke fitar da asid da shi yake rufewa. Sai dai famfon da ya farka yake kamawa, kuma abinci ne ke farkar da shi, shi ya sa ake shansa minti 30 zuwa 60 kafin karin kumallo. Wanda ya sha shi wata biyu ko fiye ya yanke farat ɗaya, gastrin ɗin da ya taru zai iya dawo masa da ƙwannafi na 'yan makonni. A rage a hankali.

Likitar Ciki: Ƙanwata, ki riƙe wannan don marasa lafiyarki. Omeprazole shi kaɗai ba ya kawar da ƙwayar, danne ta yake yi har gwaji ya nuna babu. A dakatar da shi mako 2, maganin ƙwayoyin cuta kuma mako 4, kafin gwajin bahaya ko na numfashi. Gwajin jini ba ya tabbatar da warkewa, don yakan ci gaba da nunawa bayan ƙwayar ta mutu. Maganin haɗi ne, kwana 14 cif, kuma yanke shi a tsakiya na iya sa ƙwayar ta bijire wa clarithromycin, ɗaya daga cikin magungunan kashe ta. Ki riƙa tambaya ko suna shan magungunan rage ciwo irin su diclofenac ko ibuprofen, domin waɗannan suna rage majinar da ke kare bangon tumbi ko da H. pylori ba ta nan.