Fim ɗin ramuwar gayya: in sauke Man on Fire ko in nemi wani?

Baban Ummi: Assalamu alaikum 'yan zaure. Ina neman fim na ramuwar gayya mai zafi da zan kalla daren Asabar. An ce min in gwada Man on Fire na Denzel Washington. Waɗanda suka kalla, ya kai a ƙona masa data?

Yaya Habu: Wa alaikumus salam. Sauke shi, ba za ka yi nadama ba. Fim ɗin 2004 ne, marigayi Tony Scott ya ba da umarni. Denzel ya fito a matsayin Creasy, tsohon jami'in leƙen asirin Amurka da giya ta ci ƙarfinsa, ya samu aikin gadin wata yarinya 'yar masu kuɗi, Pita, a birnin Meksiko. Abin da ya ɗaga fim ɗin sama da sa'o'insa shi ne haƙuri. Sai an kusa cin awa guda kafin a sace yarinyar. Kafin nan kana kallon yadda take janyo shi da surutu yana basarwa, har ya sauko ya fara koya mata yadda za ta daina razana da ƙarar bindigar fara gasar ninƙaya. Ranar da aka ɗauke ta, kai ma sai ka ji kamar 'yarka aka ɗauka. Dakota Fanning tana ƙarama sosai a lokacin, amma ta tsaya kafaɗa da kafaɗa da Denzel.

Ɗan Autan Zaure: Yaya Habu gaskiya ne, amma ka faɗa masa maganar kyamara. Daga tsakiya hoton sai rawa yake, haske na walƙiya, rubutun fassara na yawo a fuskar allo. A waya ido yana gajiya. Ga tsawo, minti 146.

Anti Hadiza: Ni matsalata ta fi ta kyamara girma. Rabin farko ya taɓa min zuciya, rabi na biyu ya dame ni. Akwai inda ya ɗaure hannun wani ɗan sanda a sitiyari yana yanke masa yatsu ɗaya bayan ɗaya yana tambayarsa. Kuma ku lura, duk wanda ya azabtar mai laifi ne, duk abin da suka faɗa kuma gaskiya ne. Ko sau ɗaya bai kama wanda bai ji ba bai gani ba. Marubucin ya share masa hanya don kada mai kallo ya tsaya ya tambayi kansa. Mu da garkuwa da mutane ta zame mana labarin kullum, mun san ba haka abin yake ba. A Zamfara an ga yadda ramuwar 'yan sa-kai ta faɗa kan waɗanda ba su da hannu, rikicin ya ƙara ruruwa.

Yaya Habu: Anti, na yarda da batun azabtarwar. Amma fim ɗin bai mai da Creasy waliyyi ba. Tun farko mutum ne da ke shakkar ko Allah zai yafe masa abin da ya aikata a baya, kuma ya biya farashi mai tsada a ƙarshe. Sannan ya taɓo gaskiyar da mu ma mun sani: ba a sace mutum sai da ɗan gari. Akwai hannun 'yan sanda, akwai na lauya, akwai na cikin gida, duk a kan dala miliyan 10.

Baban Ummi: Yaya, tsaya nan, kada ka ƙarasa min labarin!

Anti Hadiza: Ko nan ɗin ma an yi wa Meksiko rashin adalci. Ban da 'yar jarida ɗaya da wani jami'in tsaro, kusan kowa ko ɓarawo ne ko abokin ɓarawo, sai baƙo daga Amurka ne zai zo ya gyara.

Malam Iro: Ga mai son irin labarin da salon Indiya, sun maimaita shi a 2005 da sunan Ek Ajnabee, Amitabh Bachchan ne jarumin, aka mayar da labarin Bangkok. Wanda kuma ba ya son jan rai, ya nemi Taken na 2008, Liam Neeson yana bin sawun 'yarsa a Faris. Ya fi gajarta, ya fi sauri, sai dai babu shaƙuwar da Habu ke magana a kai.

Ɗan Autan Zaure: The Equalizer na 2014 fa? Denzel ɗin ne dai, kyamarar kuma a natse take.

Yaya Habu: Yana da kyau, amma a can jarumin ba ya jin tsoro, ba ya karaya. Creasy kuwa da raunin harsashi yake yawo, jini na zuba. Shi ya sa na fi jinsa a raina.

Baban Ummi: To na gode ƙwarai. Zan fara da Man on Fire ɗin. Da yara za a iya kallo?

Anti Hadiza: A'a ƙanina, ko kusa. Bari su Ummi su yi barci tukuna, kuma ka sa abin kunne.