Kwana biyar kafin hutu: a cire yaro daga makaranta don tafiyar iyali, ko a jira?

Maman Yusra: Salamu alaikum jama'a. Ina da magana, kuma na san za a yi mini ca, amma a bari in gama. Saura mako uku a yi hutu. Mun shirya tafiya da yara, karo na farko da za mu fita gaba ɗayanmu tun da aka haifi ƙaramin. Na duba tikitin jirgi, na makon ƙarshe na zango da na makon farko na hutu kamar ba jirgi ɗaya za a hau ba. To ni dai ra'ayina, makon ƙarshe ba karatu ake yi ba. An gama jarabawa, malamai na can suna haɗa maki, yara na guje-guje a fili. In na cire Yusra kwana biyar kafin a tashi, me ta rasa? Ni na ce babu.

Baban Khalil: Wa alaikumus salam. Babu ɗin ne. Mun yi haka bara, ba abin da ya faɗo daga sama. Tafiya mabuɗin ilimi. Yaron da ya tsaya bakin teku ya ga jirgin ruwa da idonsa ya fi wanda aka zana masa a allo.

Kawu Isuhu: To fa. A jira malaman makaranta su idar da salla, yanzu za ku ji.

Malam Habibu: Kawu ai ga ni. Maman Yusra, aji nawa take?

Maman Yusra: Aji huɗu na firamare, Malam.

Malam Habibu: Madalla. Ba zan yi miki ƙarya ba, akwai makarantun da makon ƙarshe zaman banza ne, na koyar a irinsu. Amma bari in gaya miki abin da ni nake yi a wannan makon, shekara goma sha ɗaya ke nan. Ranar Litinin da Talata nake mayar wa yara takardun jarabawarsu. Ba miƙa musu nake yi in ce a kai gida ba. Tambaya bayan tambaya muke bi a allo, kowa da takardarsa a gabansa, yana ganin inda ya kauce. A duk zangon babu lokacin da yaro ke buɗe kunne kamar wannan, domin jan biro na kan takardarsa, abin na yi masa zafi. Wanda ya ɗauka sulusi ya fi rabi girma saboda 3 ta fi 2, a ranar ake kama shi. In ba ya nan, sai ya tafi hutu da kuskurensa a aljihu, ya dawo sabon zango mu ɗora sabon lissafi a kan tubalin da ya karkace. Iyaye maki kawai suke gani a takardar sakamako. Gyaran da ke biyo bayan makin ba ya fitowa a ko'ina, shi ya sa kuke ganin kamar ba a komai.

Baban Khalil: Malam, wannan kai ne. Malamai nawa ke yin haka? Nawa yaron fim aka kunna musu kwana uku a jere.

Malam Habibu: To sai ka je ka tambayi makarantar dalilin da ya sa kake biyan kuɗin mako goma sha uku ana koyar da goma sha biyu. Wannan ƙorafi ne mai kyau. Amma ba shi ne lasisin ɗauke yaro ba.

Anti Zuwaira: Ku da kuke da zaɓi ku gode wa Allah. Mu nan Ingila magana ta wuce ra'ayi, ta zama ta tara. Da can shugaban makaranta na da ikon ba iyali har kwana 10 a shekara don tafiya. A 2013 aka soke wannan, aka ce sai da uzuri na musamman, kuma arahar tikiti ba ta cikin uzuri. Tun watan Agustan 2024, in yaro ya yi fashin kwana biyar ba izini cikin mako goma na karatu, ana iya yanka tarar fam 80, in ba a biya cikin kwana 21 ba ta koma 160. Kuma ku lura, kowane mahaifi da tasa, kowane yaro da tasa. Uwa da uba da yara uku, fam 480 ke nan a tashin farko. In aka sake cikin shekara uku, 160 ce kai tsaye. Karo na uku ba a ma maganar tara, ana iya kai mutum kotu.

Kawu Isuhu: Kwana biyar cif, daidai abin da Maman Yusra ta ƙirga. Kamar da ita aka rubuta dokar.

Maman Yusra: Kai Kawu! Ni ba a can nake ba.

Baban Khalil: Anti Zuwaira, ki faɗi gaskiya, tarar ta hana?

Anti Zuwaira: Ba ta hana kowa ba. Wasu lissafi suke yi: abin da za su rage a tikiti da masauki ya ninka tarar, sai su sa ta cikin kuɗin tafiya kamar kuɗin tasi. Abin da ke ba ni haushi ke nan da tsarin. Mai hali ya biya ya wuce, marar hali shi ne dama ba zai iya tafiya lokacin hutu ba, kuma shi tarar ke karyawa.

Baban Khalil: Kin ga ni ba. Ai akwai wani uba da ya kai su kotu ya yi nasara.

Anti Zuwaira: Rabin labarin ka ji, Yaya. Jon Platt sunansa, daga tsibirin Isle of Wight. A watan Afrilun 2015 ya kai 'yarsa Disney World a Florida ana tsakiyar karatu, ta rasa kwana bakwai. Aka ci shi tarar fam 60, ya ƙi biya, ta zama 120, aka kai shi kotu. Hujjarsa ita ce doka cewa ta yi yaro ya riƙa zuwa makaranta a kai a kai, 'yarsa kuwa zuwanta ya haura kashi 90 cikin ɗari. Kotun majistare ta ba shi gaskiya, babbar kotu ma ta ba shi a 2016. Nan labarin ya bazu, shi ne wanda ka ji. Amma a Afrilun 2017 Kotun Ƙoli ta juya hukuncin, ta ce ma'anar a kai a kai ita ce yadda ƙa'idar makaranta ta tsara, ba yadda uba ya ga ya wadatar ba. Aka mayar da shi kotun majistare, aka same shi da laifi, aka ɗora masa fam 2,000 kuɗin shari'a. Daga fam 60.

Hajiya Kaka: Ikon Allah. Yara, ni ban san dokar Turawa ba, amma ina da tambaya ɗaya ga Maman Yusra. In kin cire ta, me za ki ce wa makarantar?

Maman Yusra: Hajiya, gaskiya na yi tunanin in ce ba ta jin daɗi. Don kada a yi ta ja-in-ja.

Hajiya Kaka: Na san za a zo nan. Shi ya sa na tambaya.

Malama Rabi: Hajiya kun taɓo inda yake mini ƙaiƙayi. Tun ɗazu nake karantawa ban sa baki ba. Ni kwana biyar ɗin ba su fi damuna ba, yaro mai ƙoƙari zai cike su. Abin da na gani da idona shi ne wannan. Wata uwa ta aiko mini da saƙo cewa ɗanta zazzaɓi ya kwantar da shi, mako guda. Har na sa 'yan ajin suka yi masa addu'a. Da aka dawo, ina kiran suna na zo kansa, na ce sannu, ya jiki? Yaron ya buɗe baki da murna zai ba ni labari, har ya ce "Malama mun hau…", sai ya tsaya cak. Ya sunkuyar da kai, yana murza gefen littafinsa da yatsa, ya ce da sauƙi. Shekararsa takwas. Tafiyar da aka ce an yi don ya ƙaru, ga shi an hana shi ko ambatonta. Ranan nan bai ɗaga hannu ko sau ɗaya ba, kuma da na matso kusa da tebur ɗinsa sai ya kau da ido. Ni ba lissafin da ya rasa na tuna ba, fuskar nan nake tunawa. In za ku tafi, ku tafi, amma don Allah kada ku ɗora wa yaro gadin ƙaryarku.

Baban Khalil: Wannan na yarda da ke, Malama. Ni ban yi ƙarya ba, na je na gaya musu ƙiri-ƙiri. Amma ku ma malamai ku yarda, tsaurinku ne ke sa mutane ƙarya. In an san za a saurari mutum, wa zai ƙirƙiro zazzaɓi?

Malama Rabi: Akwai gaskiya a nan. Sai dai ka zauna a kujerar shugaban makaranta na minti biyar. Yara talatin a aji. Ka ba Baban Khalil izini saboda ɗansa na ɗaya yake zuwa. Gobe uban wanda ke na ashirin da takwas ya zo da buƙata iri ɗaya. Ka ce masa me? Naka ɗan ba shi da ƙoƙari, ku zauna? In ka ba kowa, ranar Laraba yara goma sha biyu za ka tarar, malami ba zai fara abin kirki da rabin aji ba, sai ya kunna fim. Sai iyaye su ce kun gani, dama ba a komai a makon ƙarshe. Fim ɗin da ka yi ƙorafi a kai, wataƙila waɗanda suka riga ka tafiya ne suka jawo shi.

Kawu Isuhu: Wato kaza ce ta fara ko ƙwai.

Malam Habibu: In ƙara da lissafi kaɗan, tunda sana'ata ce. A inda Anti Zuwaira take, kwanan makaranta 190 ne a shekara. Kwana biyar bai kai kashi 3 cikin ɗari ba, ƙaramin abu ne, na yarda. Amma wanda ya ɗanɗana arahar nan sau ɗaya ba ya dainawa. Kwana biyar sau shekara 12, kwana 60 ke nan, kusan zango guda cur. Kuma ba a sa ranakun ciwon gaske a ciki ba, waɗanda ba wanda ke zaɓar su.

Maman Yusra: Malam sau ɗaya na ce, ba sau goma sha biyu ba.

Malam Habibu: Kowa ma sau ɗaya yake cewa, 'yar'uwa.

Baban Khalil: Ni abin da har yanzu ba a amsa mini ba: me ya sa laifin kamfanonin jirgi zai koma kan iyaye? Su suka tsawwala.

Anti Zuwaira: Ba mugunta ba ce kawai, kowa ne ke son kujera ɗaya a mako ɗaya. Shi ya sa wasu ƙasashen suka rarraba hutun. Faransa ta kasa makarantunta shiyya uku, A da B da C, hutun hunturu da na watan Afrilu ba rana ɗaya suke farawa ba. Jamus ma jihohinta 16 ba sa tashi dogon hutu lokaci guda. Duk da haka ba su tsira ba. A 2018 'yan sanda a jihar Bavaria sun tsaya a filayen jirgin sama na Nuremberg da Memmingen gab da hutu, suna tambayar iyayen da ke tafe da yara 'yan makaranta ina takardar izininsu.

Kawu Isuhu: A ce ka yi awon kaya, ka karɓi katin shiga jirgi, sai ɗan sanda ya ce yaro ya aka yi ba ka aji. Wallahi ni a nan zan bar su da akwatunan.

Hajiya Kaka: Isuhu ka bari mana. Ni dai ban ɗauki kowace tafiya ɗaya ba. In tsoho ne ke kwance yana son ganin jikoki, ko wani abin da in ya wuce ba ya dawowa, ku ɗauki yaro ku tafi, makaranta na nan. Teku kuwa ba inda za shi. Maman Yusra, taku wace iri ce?

Maman Yusra: Ta shan iska ce, Hajiya. Sai dai babansu sau ɗaya yake samun hutun aiki a shekara, kuma ba shi ke zaɓar lokacin ba. Bana ya faɗo daga Litinin ɗin makon ƙarshen. In mun jira a tashi, kwana tara ya rage masa maimakon sha huɗu.

Malama Rabi: To ai da wannan kika fara! Tun ɗazu muna ta faɗa a kan tikiti. Wannan dalili ne da za a iya zama a saurara, ko da ba a amince ba. Ki rubuta, ki haɗa da takardar wurin aikinsa, ki kai da kanki. Ki tambayi malamar ajin ranar da za ta bi takardun jarabawa da su. Kada ki ce a haɗa miki aikin mako guda ta tafi da shi, wahala ce kike ƙara wa malamar, kuma ni ban taɓa ganin wanda ya dawo da shi a cike ba.

Baban Khalil: Ni dai har gobe ina kan bakana. 'Yarki ce, ba ta makaranta ba.

Malam Habibu: 'Yarta ce. Ajin kuma na yara talatin ne.

Maman Yusra: Salamu alaikum, na dawo da rahoto. Na je yau da safe. Shugabar ta karɓe ni da mutunci, ta karanta takardar, ta ce kwana biyar ba za ta sa hannu ba. Litinin zuwa Laraba za a bi takardun jarabawa kamar yadda Malam Habibu ya ce. Alhamis da Juma'a ta ce in mun tafi ba za ta rubuta izini ba, amma ba za ta ɗaga maganar ba tunda na zo na faɗa. Na fito na duba tikitin daren Laraba. Ya riga ya hau, bambancinsa da na Asabar ɗin hutu bai taka kara ya karya ba.

Baban Khalil: Kin gani? Da kin bi tawa da tuni kin saya.

Hajiya Kaka: Yusra fa, an tambaye ta?

Maman Yusra: Na tambaye ta a mota, Hajiya. Ta ce tana son teku, kuma tana son ta ga makinta na lissafi kafin ƙawarta ta gani. Babanta ya ce a bar maganar sai ya dawo daga aiki.

Kawu Isuhu: Kafin ya dawo tikitin ya ƙara hawa.