"Shekara biyu ban samu aiki ba": muhawarar digirin tattalin arziki a zauren 'yan Zangon Kumasi

Ɗan Asawase: Assalamu alaikum iyayena da yayyena. Ku yi mini afuwa idan maganata ta yi ɗaci, abin ne ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na karanta ilimin tattalin arziki shekara huɗu a jami'a, na yi hidimar ƙasa ta shekara ɗaya a wani ofishi inda aka sallame mu da godiya kawai, yau kuma shekara biyu ke nan ban samu aiki ba, ina zaune a shagon kawuna a kasuwar Kejetia ina auna yadi. Na nemi gurbi a bankuna uku, biyu ko amsa ba su ba ni ba, na ukun kuma ya ce in dawo da gogewar shekara uku. Saboda haka nake cewa duk mai ƙane da zai shiga jami'a ya hana shi wannan kwas, domin ba ya kai mutum ko'ina sai mai uwa a gindin murhu. Wanda ya san wata ƙofa da ban ƙwanƙwasa ba, don Allah ya nuna mini.

Hajiya mai atamfa: Wa alaikumus salam. Ɗana, akwai abin da ban gane ba. Kana buɗe shago da safe, kana rufewa bayan magariba, a cikinsa kake ci kake sha, sannan ka zo gaban jama'a ka ce ba ka da aiki? To abin da muke yi a kasuwa shekara talatin, wanda da shi aka biya wa irinku kuɗin makaranta, wasa ne ke nan? Kakanninmu da suka tako daga Kano da Sakkwato zuwa Salaga neman goro ba wanda ya ba su takardar kama aiki, kuma su ne suka kafa zangon da kake alfahari da shi.

Malamin sakandare: Hajiya, Allah ya huci zuciyarki, ba raini yaron yake nufi ba. A bakin Bahaushe aiki daban, sana'a daban. Sana'a ita ce wadda kike yi da jarinki, riba taki, hasara taki. Aikin da yake nufi kuwa shi ne na albashi, wanda ake cire wa mutum kason asusun fansho na SSNIT duk wata domin ranar tsufa.

Hajiya mai atamfa: Malam, idan haka ne, me ya sa ake ce wa manomi sannu da aiki, alhali babu mai biyansa albashi?

Ma'aikaciyar ƙididdiga: Abin da zai ba ku mamaki shi ne, bisa ma'aunin da hukumomin ƙididdiga ke amfani da shi, Hajiya ce ke da gaskiya. Duk wanda ya yi aikin ko da awa ɗaya a cikin mako don lada ko riba, ana lissafa shi cikin masu aiki, kuma ƙanena ya san haka tunda a aji aka koya masa. Sunan halin da yake ciki shi ne aikin da bai kai matsayin karatunsa ba, wannan kuwa wani babi ne daban da rashin aiki.

Ɗan Asawase: Yaya, na san ma'aunin, amma ba ma'auni ake kai wa iyayen yarinya idan aka je neman aure ba.

Direban Aboabo: Ni abin da ya fi ba ni haushi shi ne "ina zaune". Mai auna yadi a tsaye yake wuni. Mu da muke kan titi daga asuba ba mu taɓa cewa muna zaune ba, ko da yake a kan kujera muke.

Yaya daga Accra: Bari in koma kan tambayarsa, tunda na ga an baro ta a baya. Ƙanena, kuskuren da na gani shi ne ka taƙaita nemanka ga bankuna, alhali ɓangaren ya tsuke tun lokacin da aka yi masa garambawul. A watan Agusta na 2017 aka soke lasisin UT Bank da Capital Bank, a 2018 aka haɗe bankuna biyar suka zama Consolidated Bank Ghana, a 2019 kuma aka soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347. Gogaggun ma'aikatan da suka fito daga waɗannan wurare su ne kake takara da su, shi ya sa ake iya neman gogewar shekara uku ba tare da an rasa mai ita ba. Akwai Babban Bankin Ghana, da Ma'aikatar Kuɗi, da hukumar haraji ta GRA, da hukumar ƙididdiga, sai dai gwamnati ba ta ɗaukar mutum sai Ma'aikatar Kuɗi ta ba da izinin biyan albashinsa, don haka jiran yana da tsawo. Inda na ga abokan karatunmu sun fi shiga da sauri shi ne kamfanonin inshora, da na waya, da ƙungiyoyin agaji masu neman wanda zai tace musu alƙaluma, kuma a can ba a tambayarka ka'idar masanin tattalin arziki Keynes, kwamfuta ake ajiye maka a ce ka nuna abin da ka iya da manhajojin tace alƙaluma irin su Excel ko Stata. Idan kuma bincike kake so, irin na cibiyar bincike ta ISSER da ke Jami'ar Ghana a Legon, to gaskiya digiri na farko bai isa ba, sai ka ƙara na biyu.

Ustazun Alabar: Ina ta jira in ji wanda zai tuna da Allah a cikin wannan magana. Ana ta ambaton banki kamar ba a san cewa ginshiƙin cinikinsa kuɗin ruwa ba ne. Ɗana, watakila rufe maka ƙofofin nan uku rahama ce, domin yadin da kake aunawa halal ne tsantsa matuƙar ba ka tauye awo ba.

Kawu Akanta, shugaban zaure: Ustaz, da girmamawa, wannan mas'ala ce da malamai suka yi bayani mai tsawo a kanta, ba a yanke ta a layi biyu. Kuma albashin limamai da ke koyarwa a makarantun gwamnati ta banki yake biyowa.

Ustazun Alabar: Alhaji, karɓar haƙƙinka ta hanyar banki daban ne da zama magatakardan riba. Na san ka yi shekaru a wannan layi, don haka ban yi mamakin inda ka karkata ba.

Kawu Akanta, shugaban zaure: Ban taɓa aikin banki ba, binciken littattafan kamfanoni nake yi, kuma ina roƙo a janye wannan shaguɓe.

Direban Aboabo: Ni dai tambayata ɗaya ce. Idan wannan karatu yana da amfani, ta yaya aka yi Akufo-Addo, wanda ya karanta shi a Legon, da Bawumia, wanda ya taɓa zama mataimakin gwamnan Babban Banki, suna riƙe da ƙasa hauhawar farashi ta kai kashi 54 cikin ɗari a Disamban 2022, har aka koma wurin asusun lamuni na IMF aka samu amincewar rancen dala biliyan uku a 2023? Yaron nan gaskiya ya faɗa.

Malamin sakandare: Ga shi nan, an shigo da jam'iyya. Kowa ya san tutar da ke rataye a motarka. Amissah-Arthur ma masanin tattalin arziki ne, ya yi gwamnan Babban Banki kafin ya zama mataimakin shugaban ƙasa, kuma a zamaninsu aka je IMF a 2015, ga ɗauke wuta dare da rana. Idan za a yi wa kwas hukunci da 'yan siyasa, sai a tuna cewa Kofi Annan a nan Kumasi ya fara karanta shi.

Direban Aboabo: Malam, ɗauke wuta ba ta cinye wa tsofaffi kuɗin da suka ajiye a takardun lamunin gwamnati ba.

Hajiya mai atamfa: Ku bar siyasa ku ji. A waccan shekarar ta 2022 dala ta tashi daga wajen sidi shida ta ninka har ta wuce, kuma ni tun kafin rediyo ya faɗa na sani, domin duk zuwan da zan yi Lome saro kaya sai in dawo da rabin abin da na saba. Ba a jami'a na koya ba. Tattali ai sunansa ke nan, ka riƙe kaɗan ɗin da ke hannunka har ya haihu, kuma uwar gida mai 'ya'ya bakwai ta fi farfesa sanin sa. Har yanzu kuma ina jiran a janye kalmar nan ta rashin aiki.

Ma'aikaciyar ƙididdiga: Hajiya, kina ganin farashin atamfa ne kawai, mu kuwa muna bin farashin ɗaruruwan kayayyaki a kasuwannin kowane yanki kafin mu fitar da lamba ɗaya. Kada a rushe mana namu aikin don a kare naki.

Kawu Akanta, shugaban zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in tattara abin da aka cimma. Na fahimci kowa ya amince cewa digirin tattalin arziki shi kaɗai ba ya ciyar da mutum, kuma mafita ita ce a ɗora masa takardar ƙwarewa ta akanta, wato jarrabawar ICAG, wadda ake iya rubutawa mataki-mataki mutum yana kan sana'arsa, kamar yadda na yi a zamanina. An kuma yarda cewa zancen riba ba wurinsa ba ne nan. Batun Hajiya da direba kuwa raha ce irin ta 'yan uwa. Ɗana, ka zo ofis ranar Asabar in ba ka tsofaffin littattafaina.

Yaya daga Accra: Kawu, na sake karanta zaren daga sama har ƙasa, ban ga inda wani ya ambaci ICAG ba sai ku.

Ustazun Alabar: Ni ma ban yarda da komai ba, kuma ban janye komai ba.

Ɗan Asawase: Na gode Kawu, amma Asabar ce ranar da shago ya fi cika, kawuna ba zai bar ni in fita ba. Yaya, idan kuna da wanda zai koya mini Stata da dare, ku turo mini lambarsa ta gefe.

Hajiya mai atamfa: Au, ashe ranar Asabar kana da aiki.