Tsirkiyar gita da ta shekara goma sha biyar a fakiti: a ɗaura ko a zubar?

Mai Gita na Birni

Assalamu alaikum. Makaɗan Damagaram da na kewaye, shawara nake nema. Kawuna ya yi shekaru a Legas yana ɗaukar kaya ma wata ƙungiyar kiɗan juju. Da zai dawo gida ya zo da irin gitar nan da ake kwantarwa bisa ƙafafu huɗu kamar tebur, ana taka feda da ƙafa, ana tura wasu ƙarafa da gwiwa, hannun hagu na jan wani guntun ƙarfe mai santsi bisa tsirkiya. Fedal-sitil ake ce mata. Waɗanda suka saurari King Sunny Ade na shekarun 1980 sun san kukanta, Demola Adepoju ne ke kaɗa ta a ƙungiyar.

Kawu ya rasu bara, iyali suka ce in ɗauka tunda ni ne mai kiɗa a gidan. Tsirkiyoyin da ke jikinta sun yi baƙi ƙirin, waɗannan ba a maganarsu. Amma a cikin akwatin na tarar da fakiti bakwai da ba a taɓa ɗaurawa ba. Huɗu a ambulan ɗin takarda, kowace tsirkiya da nata, uku kuma cikin leda a liƙe. A 2009 ya dawo, ke nan ko wadda ta fi sabunta ta kai shekara goma sha biyar. Na zaga kasuwar Dole, na aika Kano, ban samu mai saitin tsirkiya goma ba. Wa ya taɓa ɗaura tsohuwar tsirkiya irin wannan, kuma yaya ta kaya?

Tsohon Ɗan Orkestira

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawunka, ɗana. Kar ka zubar da ko ɗaya.

Mu da muka yi kiɗa zamanin samariya, lokacin Kountché, ba mu san wani abu wai tsirkiya ta tsufa a fakiti ba. In wani ya je Yamai ko Kano ya samo, sai mu saya da yawa mu ɓoye, don ba ka san ranar da za ka sake gani ba. Akwai fakitin da na saka cikin gwangwanin madara na manta da shi, sai da muka tashi daga gidan haya na gan shi, ya kusa shekara goma sha biyu. Na ɗaura ma gitata, na yi biki uku da ita, ba wanda ya ce uffan. Tsirkiya ba tuwo ba ce balle ta yi tsami. Abin da ke gajiyar da ita ja ne, da gumin hannu, da gugar ƙarfe. Wadda ke kwance a naɗe ba ta yi aikin komai ba, me zai gajiyar da ita?

Kuma Allah ya taimake mu da gari busasshe. Wata takwas ba ɗigon ruwa. Ƙurar hunturu tana ɓata amfili, wato na'urar ƙara sauti, tana shiga maɓallan sauti, amma ba ta cin ƙarfe.

Ɗan Kabu-kabu Mai Solo

Baba, a yi mini afuwa, ni dai ban ji da daɗi ba. Wani abokina da ke zuwa Kwatano sayen motoci ya kawo mini fakiti biyu da ya samu da araha a wani bitik, mai bitik ɗin ya ce sun daɗe ba su fita ba. Ambulan ɗin takarda ne. Da na buɗe, takardar kanta ta yi zanen da'ira ja-ja daidai inda tsirkiyar ta kwanta. Na ce ai ba komai, na goge da tsumma na ɗaura. Ranar Asabar muna wasan biki a Sabon Gari, ƴan mata sun shigo fili, ana liƙi, ina cikin solo siririyar ta ce tas! Na canja, ta biyu ma ba ta kai ƙarshen dare ba. Kunyar da na ji ta fi kuɗin da na ce na rage.

Tsohon Ɗan Orkestira

To ai ka faɗi amsar da bakinka, yaro. Kwatano ka ce. Bakin teku, iska mai gishiri, laima shekara zagaye. Tsirkiyarka ba tsufa ta yi ba, tsatsa ta ci ta.

Maƙerin Garin Malam

Ni ba makaɗi ba ne sosai, walda nake yi da gyaran birki, amma ƙanena na kiɗa kuma ni ke gyara mishi kayan. Bari in faɗi abin da na sani na ƙarfe.

Siraran tsirkiyoyin nan waya ce ta ƙarfe mai tauri, irin ta sifirin, an shafe ta da kuza siriri don kare ta. Masu kaurin kuma waya ce a ciki, an naɗe ta da wata waya ta nikel ko ta ƙarfen da ba ya tsatsa. Ƙarfe a ajiye ba ya raunana don shekaru sun wuce. Amma in laima ta samu wuri guda ta huda kuzan, sai tsatsa ta yi ɗan rami. Kana iya goge jan ya tafi, ramin yana nan. Kuma waya a inda ta fi siranta take tsinkewa, ko da wurin bai kai kan allura ba.

Masu naɗin su ne munafukai. Waje yana ƙyalli, ciki ya ci. Wayar tsakiya ita ma ƙarfe ce mai tsatsa, ko da naɗin na waje ba ya yi. Irin wannan ba ta cika tsinkewa ba, sai dai ka kaɗa ka ji murya a dushe kamar mai mura, kuma ba ta jan sauti.

Yadda nake duba ma ƙanena: in warware ta a hankali, in riƙe da farin ƙyalle in ja daga kai zuwa gindi. In ƙyallen ya fito da ja, ko na ji yatsa na cin karo da ƙaiƙayi, ta tafi. In ta fito fes kuma ta miƙe ba karaya, ta zauna. Wadda aka lanƙwasa ta yi gwiwa, ko ba tsatsa, kar ka miƙe ta ka ɗaura, wurin ya riga ya ji ciwo. A duba kuma murɗin da ke riƙe ɗan zoben gindi, nan laima ke son maƙalewa.

Wani abu kuma, kar a goge da soson ƙarfe. Zai yi haske yau, amma ka kankare kuzan, kafin sati biyu ta koma ja. Ɗan alkol a auduga ya isa.

Ɗalibin Jami'a

Yaya Mai Gita, akwai abin da ya bambanta gitarka da tamu, kuma shi ya kamata ka fi kula da shi. Na taɓa zama da wani mai irinta a Yamai kusan wata biyu, ni ke taya shi canja tsirkiya.

In tsirkiya goma ce, galibi saitin da ake kira E9 ne. Ta uku daga sama ita ce mafi siranta, lamba .011, wato wajen milimita 0.28. A muryar da makaɗa ke kira sol diyez ake ɗaure ta, kuma duk sanda ka taka feda ta biyu sai a ja ta zuwa la, muryar da ke sama da ita kaɗan, ka saki ta koma. Tsawon wuyan kusan inci 24 ne. In ka yi lissafi, tana ɗauke da nauyin da ya kai kilo 12 da rabi tun ba a taka komai ba, in an taka ya kai kilo 14. Siririyar gitarmu ta kullum, lamba .010 a muryar mi, ba ta kai kilo 8 ba. Ka ga ke nan wannan a bakin ƙarfinta take aiki. Kuma kowane taku yana lanƙwasa ta bisa ɗan yatsan ƙarfen da ke jan ta, kamar yadda ake karya waya da hannu, gaba da baya, gaba da baya. Shi ya sa ko sabuwa dal, ita ce ke fara tsinkewa, kuma kusan kullum a nan gindin take yi.

Don haka abin da Baba ya faɗa gaskiya ne ga tsirkiya tara. Ga ta uku, ɗan ramin da Malam Maƙeri ya ambata, wanda a gitar kullum za ta iya ɗauka wata guda, a nan taku ashirin ya ishe ta.

Abin daɗin shi ne ba sai ka nemi saiti na musamman don ita ba. Siririya lamba .011 ta gitar lantarki waya ɗaya ce, tsawonta ma ya ishe ka. Ka samu sababbi uku ko huɗu ka ajiye. Kuma in za ka ɗaure ta, ka yi mata naɗi da yawa a maɗauri, ka kai ta sol, muryar da ke ƙasa da sol diyez kaɗan, ka bar ta ta huta, sannan ka hau a hankali. Ka kawar da fuska ko ka sa tabarau. Mutumin nan na Yamai yana da tabo a bayan hannu.

Hajiya Mai Waƙa

Ni abin da zan ƙara na ajiya ne, don na yi asara. Maigidana ya sayo ma yaran ƙungiyarmu fakiti goma, muka ce a adana. Na rasa inda zan sa, sai na jefa a ɗakin ajiya inda buhun kanwa da kantun gishirin Bilma suke. Damina ɗaya tak. Watan Agusta bangon ƙasa ya sha ruwa, gishiri ya jiƙe, da aka buɗe a kaka waɗanda ke cikin takarda duk sun yi ɗige-ɗige. Na leda ba abin da ya same su. Wato kar mu ruɗi kanmu da cewa garinmu busasshe ne, daga Yuli zuwa Satumba ɗakin ƙasa ba shi da bambanci da randa.

Yanzu a kwanon roba mai murfi nake sa su, tare da ƴan ƙullin nan da ke zuwa cikin kwalin takalmi ko kwalbar magani, masu shan laima. Kuma a saman alumari, ba ƙasa ba. Wani ya ce mini a sa a firigo, kar ku yarda, kana fito da ita sai ta yi gumi.

Mai Gurmi na Mirya

Ku da gatanku. Mu in tsirkiya ta tsinke sai a je wurin masu sai da zaren kamun kifi. Ƴan Agadas kuwa da wayar birkin keke da yawansu suka fara, Mdou Moctar ma da ita ya haɗa gitarshi ta farko, ga shi yau yana zaga duniya. Ɗaura abinka, malam, in ta tsinke ka ɗaura wata, fakiti bakwai gare ka.

Ɗan Kabu-kabu Mai Solo

A gida ya ɗaura, na yarda. Amma ranar da aka ba shi kuɗin biki, ya tuna da ni.

Ɗalibin Jami'a

Na manta wani abu. Ka duba lambobin da ke jikin ambulan kafin ka haɗa wannan fakiti da wancan. In kaurin ya canja, nisan da feda ke ja ma ya canja, sai ka sake saita ƴan ƙusoshin roba da ke gefen dama. Ta shida ce ta fi wannan rigima, wasu fakitin siririya ce lamba .020, wasu mai naɗi ce .022, kuma mai naɗin tana bukatar ja mai nisa kafin ta kai la. In ka ga wani fakiti da tsirkiya mai kauri sosai, kamar .068 ko .070, ba na E9 ba ne, na ɗayan saitin ne, C6.

Mai Gita na Birni

Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na kwashe kwana tara ina gwaji, ga abin da na samu.

Na bi hanyar Malam Maƙeri da farin ƙyalle. A cikin huɗun na takarda, biyu da ke ƙasan akwati sun tafi gaba ɗaya, ashe akwatin ya taɓa zama a ƙasa cikin ɗakin kawu. Biyun da ke sama, masu naɗin duk sun fito fes, siraran kuma rabi da rabi. Ɗaya daga na leda na C6 ne kamar yadda ƙanena ɗalibi ya ce, na ajiye shi gefe. Ragowar biyun na leda ban buɗe ba tukuna, na ce in fara da na takarda tunda koyo nake.

Na haɗa saiti guda daga waɗanda suka tsira. Ta uku ta farko ko sol diyez ba ta kai ba ta tashi, kuma wallahi ƙyallen bai nuna komai a jikinta ba. Ta biyu ta kai, na taka feda sau shida ko bakwai, ita ma ta bi ƴar uwarta, daidai gindi. Sai na karɓi sabuwar .011 wurin wani abokina na ɗaura, yau kwananta shida tana nan. Sauran taran tsofaffin kawu ne. Ta takwas kaɗai na canja, don muryarta a dushe take duk da tana ƙyalli, na sa ta ɗayan fakitin sai ta buɗe.

Baba, ka ce tsirkiya ba tuwo ba ce, na gani. Jiya da dare na ja ƙarfen bisa ta biyar da ta shida na taka feda biyu tare, sai inna ta leƙo daga ɗaki ta ce wa ya kunna kaset ɗin ƙanenta.

Yanzu matsalata liba ɗin gwiwar hagu, in na tura ba ta komawa daidai sai na taɓa ta da hannu. Malam Maƙeri, sifirin ne ko datti? In kana garaji gobe bayan la'asar zan ɗauko ta a adaidaita.