Jama'a, me za mu kira sandbox da Hausa?

Jiya a Yaba ta Legas ina koya wa wasu yara Docker, wato manhajar da ke ƙunshe wata manhaja da kayan aikinta a cikin kwantena, na zo kan sandbox sai bakina ya tsaya. Ɗaya daga cikinsu ya ce Malam ai akwatin yashi ne, duk muka fashe da dariya, don wallahi in ka faɗi haka a Agege za a ɗauka tifa za ka kira.

Ga abin da ake nufi: in kana gina kwantena, umarnin da ke cikin Dockerfile, wato fayil ɗin da ke tsara ginin, ana gudanar da su ne a killace, kada su taɓa fayilolin ainihin kwamfutar. Kalmar kwantena ba matsala, duk wanda ya taɓa maƙalewa a goslo ɗin Apapa ya san ta.

Na jefa tambayar a guruf ɗinmu. Wani ya ce kurkuku, wani keji, wani kuma killataccen wuri, wanda daidai ne amma ya yi tsawo, ba mai maimaita shi sau goma a aji.

Kurkuku ne ban yarda da shi ba sam, ya cika baki. Kwantena fa kamar gidan hayar Legas take, kowa da ɗakinsa amma banɗaki ɗaya, duk kanel ɗin Linux guda, wato zuciyar tsarin da ke tafiyar da kwamfuta, suke amfani da shi tare da kwamfutar da ta ɗauke su. A Janairun 2024 kamfanin Snyk ya fallasa wasu kafofin rauni huɗu da ya kira Leaky Vessels, babbar ita ce mai lamba CVE-2024-21626 a runc, manhajar da ke tayar da kwantena, wato runc ya bar wata ƙofa da ya buɗe zuwa fayilolin kwamfutar bai rufe ba, sai mugu ya sa WORKDIR, umarnin da ke zaɓar wurin aiki a Dockerfile, ya nufi irin su /proc/self/fd/7 shikenan ya faɗo waje, kai kuma kana zaune kana shan shayi kana jiran gini ya ƙare. Sauran ukun a BuildKit suke, injin ginin Docker, ɗaya har goge fayil take iya yi a wajen kwantenar. An toshe su a runc 1.1.12 da BuildKit 0.12.5. To wannan ne kurkuku?

Sai wani baba mai sayar da awaki a Oko-Oba, da ɗansa ya karanta masa hirar, ya aiko saƙon murya: yara ku ce danga mana. Danga tana tsare akuya, amma kowa ya san in kara ya ruɓe sai dai ka tarar da ita a gonar maƙwabci.

Ni dai na karɓa. Sandbox danga, raunin da ke jikinta kafa, ficewa daga ciki keta danga. Gwada ka ji: "an samu kafa a dangar BuildKit, hoton kwantena (image) da ba ka san asalinsa ba zai iya keta ta." Ya zauna a baki.

Mai keji har yanzu yana ta musu, wai danga ba ta da rufi. Ranar Asabar zan gwada duka biyun a kan yaran.